Yadda Za A Aiwatar Da Ƙa'idojin Amintacciyar Ƙirƙirarriyar Basira A Harkar Noma

A shekarar 2016 wasu masu bincike uku da ke aiki da shirin PlantVillage, mai taimaka wa manoma gane cututtukan shuka, sun horar da wata manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajar da ke koyo daga misalan da aka nuna mata, da hotunan ganye 54,306 na amfanin gona iri 14, domin ta riƙa gane cututtuka 26. Da suka jarraba ta da irin hotunan da ta saba gani, wato ganye ɗaya tilo da aka tsinko aka shimfiɗa a wuri mai launi guda, sai ta dace da amsa a kashi 99.35 cikin ɗari. Da suka kawo mata hotunan da aka ɗauka a wasu wurare dabam, cikin wani haske da wani yanayi, sai dacewar ta faɗo zuwa kusan kashi 31. Masu binciken sun yi abin a yaba musu, domin sun bayyana alƙaluman guda biyu ba su ɓoye na biyun ba. Sai dai mai tallar manhaja da zai zo ofishin ƙungiyar manoma da kwamfuta a hannu, irin alƙalami na farko yake zuwa da shi, kuma ba lalle ne shi kansa ya san na biyun ba.

An rubuta wannan jagora ne domin shugabannin ƙungiyoyin manoma, da jami'an hukumomin bunƙasa aikin gona, da malaman gona, da matasan da ke haɗa manhajoji, wato duk wanda zai tsaya tsakanin na'ura da manomi. Misalin da zai fi yawan dawowa a ciki shi ne manhajar da ke duba hoton masara ta faɗi abin da ke damunta, sannan ta ba da shawarar magani ko taki, amma matakan sun shafi na'urorin hasashen ruwan sama da na tantance masu neman bashi da na inshorar gona.

Ƙa'idojin da inda suka fito

Maganar amintacciyar ƙirƙirarriyar basira ta yi ƙarfi ne a watan Afrilun 2019, lokacin da kwamitin ƙwararru na Tarayyar Turai ya fitar da sharuɗɗa bakwai: ya kasance mutum ne ke riƙe da akalar na'ura, na'urar ta kasance mai ƙwari wadda ba ta cutarwa, a kare sirrin mutane da bayanansu, a yi aiki a fili, a guji wariya, a kula da amfanin al'umma da muhalli, sannan a san wanda alhaki yake wuyansa. A watan Nuwamban 2021 ƙasashe 193 na hukumar UNESCO suka amince da shawarwari masu kama da waɗannan. A Janairun 2023 cibiyar ma'auni da fasaha ta Amurka, NIST, ta fitar da tsarin kula da haɗari mai rukuni huɗu, wato jagoranci, da fahimtar yanayin da za a yi aiki, da aunawa, da magance abin da aka gano. A ƙarshen 2023 aka samu ma'aunin ƙasa da ƙasa na yadda kamfani zai gudanar da ƙirƙirarriyar basira, ISO/IEC 42001, dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, Tarayyar Afirka kuma ta amince da nata tsarin a birnin Accra cikin Yulin 2024.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu da aka rubuta musamman domin gona. An tsara su ne su dace da banki da asibiti da masana'anta baki ɗaya, shi ya sa wanda ya karanta su yana neman abin da zai yi ranar da tsutsa ta faɗa wa masara ba zai samu ba. Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a kawar tun yanzu. Takardar shaidar ISO/IEC 42001 tana nuna cewa kamfani yana da tsarin gudanarwa, yana rubuta haɗurra, yana bitar aikinsa. Ba ta nuna cewa manhajarsa tana bambance tsutsar kara da tsutsar da ke cin ganye a gonar Giwa ko ta Gaya. Kamfanin da ya nuna wannan takarda ya cancanci a saurare shi, amma ba ta ɗauke wa kowa nauyin gwaji ba.

Rubuta aikin da haɗarinsa kafin a taɓa waya

Mataki na farko takarda ce guda ɗaya, kuma ba ya bukatar kuɗi. A zauna da malaman gona da wasu manoma, maza da mata, a rubuta da Hausa abin da ake so na'urar ta yi, a cikin jimla ɗaya da ba ta da harshen damo. "Taimaka wa manoma" ba aiki ba ne da za a iya aunawa. "Gane ɓarnar tsutsar masara daga hoton waya a makonni shida na farko bayan shuka" aiki ne da za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. Ƙarƙashin wannan jimla sai a rubuta amsar tambayoyi biyu: idan na'urar ta yi kuskure wa zai yi asara, kuma asarar tana gyaruwa cikin wannan damina ko sai baɗi?

Tambaya ta biyu ita ce ta bambanta noma da sauran sana'o'i. Mai shago da manhaja ta ba shi lissafin da ba daidai ba zai gyara gobe. Manomin da aka ce masa ruwan shuka ya sauka, ya zuba irin da ya saya da kuɗin akuya, sannan aka yi kwana ashirin babu ɗigo, ya rasa iri ya rasa lokaci, kuma damina ɗaya ce gare shi a shekara. Saboda haka a raba ayyukan gida uku gwargwadon nauyinsu. Bayanin farashin kasuwar Dawanau ko tunatarwar ranar zuba taki na biyu suna da sauƙin haɗari. Shawarar lokacin shuka da yawan taki da zaɓin iri suna tsakiya. Shawarar maganin feshi, da maganin dabbobi, da duk hukuncin da zai hana mutum bashi ko diyya, su ne masu nauyi, kuma su ne ba za a bar wa na'ura ita kaɗai ba ko da wane irin yabo aka yi mata. Dokar Turai ma ta sanya na'urorin tantance cancantar mutum ga bashi cikin rukunin masu babban haɗari. Dokar ba ta hau kan mai aiki da manoman Zamfara ko na Maraɗi ba, amma dalilin da ya sa aka yi rarrabewar ya hau kansa.

Gwaji a gonar da za a yi aiki

Nan ne mafi yawan aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Karɓar manhaja bisa alƙaluman da kamfani ya kawo cinikin biri a sama ne. Abin da ake bukata shi ne damina ɗaya ta gwaji wadda manhajar za ta yi aiki a gefe, ba tare da an isar da shawararta ga manomi ba. Malamin gona zai shiga gona kamar yadda ya saba, ya duba shuka, ya rubuta abin da ya gani da abin da zai ba da shawara, sannan ya ɗauki hoto ya ba manhajar, ya rubuta amsarta a wani layi. Muhimmin abu shi ne ya rubuta nasa kafin ya ga nata, domin idan ya riga ya ga amsar na'ura zuciyarsa za ta karkata gare ta ko bai sani ba.

Hotunan gwajin dole ne su yi kama da waɗanda za a riƙa ɗauka a zahiri. A ɗauka da irin wayoyin da ke hannun mutane, masu tsagaggen gilashi da ƙaramar kyamara, ba da wayar shugaban shiri ba. A ɗauka da sassafe lokacin da raɓa ke kan ganye, da tsakar rana, da yamma, da ranar da hadari ya rufe sama. A ɗauka a gonar da aka haɗa masara da wake ko da dawa, tunda haka yawancin gonakinmu suke, kuma ganyen wata shuka zai shigo cikin hoton. A haɗa da irin masarar da aka inganta a cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru da kuma irin gida da manomi ya ajiye daga bara. Abin da aka fi mantawa shi ne a saka lafiyayyen ganye da yawa, da ganyen da akuya ta taɓa, da wanda maganin ciyawa ya ƙona, domin a ga ko manhajar tana iya cewa babu cuta, ko kuwa duk abin da aka nuna mata sai ta laƙaba masa suna.

A kuma neme ta da gangan a wuraren da ko ɗan'adam yakan ruɗe. Ƙarancin sinadarin naitirojin yana sa tsofaffin ganyen ƙasa su yi rawaya daga baki zuwa ciki ta bin jijiyar tsakiya, cutar zanen masara tana fitar da siraran layuka masu haske a tsawon ganye, ƙuduji kuma yana tsumburar da shuka tun bai fito saman ƙasa ba. Uku ɗin nan maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya zuba yuriya a gonar da ƙwayar cuta ta kama ya yi asarar kuɗinsa. Haka nan baƙuwar tsutsar da ta shigo Afirka a 2016, wadda Najeriya na cikin ƙasashen da aka fara ganinta, ana gane ta da ɗigo huɗu a jere kamar murabba'i kusa da wutsiyarta da kashinta mai kama da garin katako a cikin kunnen masara, alhali tsutsar kara da muka daɗe da sani ɓarnarta ta farko a ganye tana iya kama da tata.

Duk inda malamin gona da manhajar suka saɓa, kada a ɗauka kai tsaye cewa malamin ne da gaskiya. A aika samfurin ga mutum na uku, masani daga jami'a ko cibiyar bincike, kamar IAR da NAERLS a Zariya, ko tashar IITA a Kano, ko INRAN a Nijar, shi ya raba gardama. Sau da yawa wannan mataki yana tona cewa su ma malaman gonar suna bukatar ƙarin horo, wanda shi ma riba ce.

Idan aka zo lissafi, kada a tsaya a kan jimillar kaso. Mu ɗauka an gwada hotuna 200, guda 160 na lafiyayyar masara, 40 na mai tsutsa. Manhajar da ta ce komai lafiya lau, ba ta gane ko tsutsa ɗaya ba, za ta tashi da kashi 80 cikin ɗari, kuma ana iya buga wannan a takardar talla ba tare da an yi ƙarya ba. Abin da za a ƙirga daban-daban shi ne sau nawa cuta tana nan ta ce babu, da sau nawa babu cuta ta ce akwai. Kuskure na farko yana sa manomi ya kwanta tsutsa tana ci, na biyu yana sa ya sayi guba ya fesa a banza, ya kashe ƙwarin da ke taimakonsa. Sannan a raba sakamakon bisa ƙaramar hukuma, da nau'in waya, da irin masara, domin manhaja tana iya yin kyau a jimilla alhali ta gaza gaba ɗaya a wani yanki. Kafin a fara gwajin a rubuta mizanin da idan ba ta kai ba za a ajiye ta. Mizanin da aka rubuta bayan an ga sakamako yakan sauko daidai inda sakamakon ya tsaya.

Harshe da ma'auni

Manhajojin da ke hira da manomi ta rubutu ko ta murya suna da wata illa da masu duba hoto ba su da ita, wato suna iya ƙago amsa su faɗe ta da cikakkiyar natsuwa kamar daga littafi suka karanto. Hanyar rage wannan ita ce a ɗaure manhajar da takardun da aka tantance, kamar littattafan faɗakarwa na cibiyoyin bincike da hasashen damina da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa kowace shekara ko na cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, a kuma tilasta mata ta faɗi inda ta samo kowace shawara. Idan tambaya ta fita daga abin da ke cikin takardun, amsar da ta dace ita ce ta ce ba ta sani ba, ta ba da lambar malamin gona. A ganina manhajar da ba ta taɓa cewa ba ta sani ba ita ce mafi haɗari a cikinsu.

Hausar kanta sai an gwada ta. A Kano hatsi yana nufin abincin tsaba gaba ɗaya, a wurare da yawa na Nijar kuma gero ake nufi. Gujiya a bakin Basakkwace gyaɗa ce, a bakin Bakano kuwa wata shuka ce dabam. A sunayen taki, manomi ba ya cewa NPK ko SSP, kamfa yake cewa da supa. Manoman tumatir na Kadawa suna kiran ƙwaron da ya cinye musu gonaki a 2016 da suna sharon, kuma babu ƙamus ɗin da manhaja za ta samu wannan a ciki. Don haka a tattara tambayoyi na gaske daga bakin manoma, da muryarsu da karin harshensu, tsofaffi da mata da matasa, a ga abin da manhajar ta fahimta. A sa mai jin Hausa sosai wanda kuma ya san noma ya saurari amsoshin, domin mai fassara da bai san gona ba zai wuce kuskuren da zai kashe shuka bai lura ba.

Ma'auni ya fi harshe haɗari. Takardar jikin kwalba tana magana da lita a hekta, manomi kuma yana auna gonarsa da ido, yana auna magani da murfin kwalba ko gwangwanin madara. A ce an rubuta lita ɗaya a hekta cikin ruwa lita 200. Mai injin feshi na goyo mai cin lita 20 zai zuba mililita 100 a kowane ciko, mai na lita 16 kuma mililita 80. Manhajar da ba ta tambayi girman injin ba kafin ta ba da adadi, ta riga ta yi kuskure ga ɗayansu. Dole ne kuma ta faɗi kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi, ta ambaci rufe hanci da hannu, kuma kada ta ambaci wani magani sai wanda ke da rajistar NAFDAC a Najeriya, ko wanda ke cikin jerin da kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel ya amince da shi a Nijar da Chadi. Wannan jeri yana sauyawa, don haka a sa mutum guda ya riƙa sabunta shi. Wanda yake ganin abin wasa ne ya tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar sinadarin da ake haɗa fiya-fiya da shi. Idan manomi ya tambayi yadda zai adana wake, amsar farko ta zama buhun PICS mai ninki uku ko wani mazubi da iska ba ta shiga, ba guba ba.

Mutum a bayan na'ura

Kowace takardar ƙa'ida tana cewa mutum ya sa ido, amma sa ido na gaskiya yana da sharuɗɗa. Malamin gonar da aka ɗora wa ƙauyuka masu yawa, aka ce ya amince da ɗaruruwan shawarwari a rana, danna maɓalli kawai zai riƙa yi. Gara a rage abin da zai duba zuwa rukuni mai nauyi da kuma inda manhajar ta nuna shakka, a ba shi lokaci da kuɗin mai da katin waya, a kuma ba shi ikon soke shawarar na'ura ba tare da an tuhume shi ba. Duk lokacin da ya soke, ya rubuta dalili a taƙaice, domin waɗannan rubuce-rubuce su ne za su nuna inda manhajar ke da rauni.

Shi ma manomi a gaya masa tun daga gaisuwa cewa da na'ura yake magana, ba da malam ba, musamman idan an ba ta murya mai kama da ta mutum. A sanar da shi cewa tana iya kuskure, kuma ƙin bin shawararta ba zai hana shi taki ko iri ko wani tallafi ba. Idan aka ɗaura tallafi da bin umarnin manhaja, to ba shawara take bayarwa ba kuma.

Bayanan manomi

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin sanin abin da aka tara a kansa da dalilin tarawa, da haƙƙin janye amincewarsa, da haƙƙin ƙin hukuncin da na'ura ta yanke ita kaɗai idan hukuncin zai yi masa babban tasiri. Ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Nijar tana da hukumarta ta HAPDP, Ghana kuma tana da dokarta tun 2012. A aikace wannan yana nufin a karanta wa manomi bayanin neman izini da harshensa, a bainar shaidu ko a naɗi muryarsa, maimakon a sa shi dangwala yatsa a takardar Turanci. A karɓi abin da aikin ke bukata kawai. Manhajar gane tsutsa ba ta da hujjar neman lambar NIN ko BVN ko yawan shanun mutum, kuma a yankunan da ake fama da 'yan bindiga, jerin sunaye da ke nuna wurin gona da yawan buhunan da aka girbe abu ne da zai iya jawo wa mai shi bala'i idan ya faɗa hannun da bai dace ba.

Dokokin nan sun fi kare bayanan mutum fiye da bayanan gona, irin su sakamakon awon ƙasa da yawan amfani. A nan sai a yi koyi da abin da ƙungiyoyin manoma suka yi a Amurka a 2014 da kuma Turai a 2018, inda suka tsara ƙa'idojin da ke cewa manomin da bayanai suka fito daga gonarsa shi ke da ta cewa a kan wanda zai yi amfani da su. A rubuta a yarjejeniya ko kamfani zai horar da manhajarsa da hotunan manoma, ko zai sayar wa dillalan taki da masu sayen amfanin gona, da abin da zai faru da bayanan idan kamfanin ya rufe.

Wanda na'ura ba ta gani

Wariya a wannan fanni ba kasafai take zuwa da mugun nufi ba, tana zuwa ne daga wanda aka ƙirga da wanda aka tsallake. Na'urar tantance bashi da ke dogara da tarihin waya da takardar mallakar fili za ta ba da maki kaɗan ga matar da ke noma gayaunarta da wayar mijinta, da mai noman aro ko haya ko jingina, ko da sun fi kowa riƙon amana. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, waɗanda ake samu kyauta kuma kamfanoni da yawa ke amfani da su, kowane ɗigo nasu yana ɗauke da mita 10 a tsawo da faɗi, wato gona mai rubu'in hekta ɗigo 25 ce kacal, da yawansu kuma sun haɗe da kan iyaka da bishiya da gonar maƙwabci, ga shi a watan Agusta hadari yakan rufe ƙasa. Inshorar da ke biya bisa awon ruwan sama daga sama tana iya cewa an yi ruwa a yanki alhali wani ƙauye a cikinsa ya bushe. Taswirar da ta nuna burtali ko makiyaya a matsayin filin da ba kowa tana iya kunna rigimar da za ta fi ƙarfin masu manhajar. Maganin duk waɗannan shi ne a raba alƙaluman amincewa da ƙi bisa jinsi da girman gona da nau'in riƙon fili, a duba su kowace kaka, a kuma buɗe ƙofar ƙorafi inda mutum zai je gona da ƙafarsa ya gani.

Alhaki da bita

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yarjejeniya da kamfani ta ambaci sunan mutumin da za a kira idan an samu matsala da kwanakin da zai amsa a ciki, ta fayyace wanda zai biya idan shawarar da ba daidai ba ta jawo asara, ta hana sauya manhajar a tsakiyar damina ba tare da sanarwa da sabon gwaji ba, ta kuma tilasta bayyana duk wata alaƙa da masu sayar da magani ko taki. Manhajar da kamfanin magani ke ɗaukar nauyinta ba haramun ba ce, amma manomi yana da haƙƙin sanin haka kafin ya ji shawararta. A cikin ƙungiyar ma a naɗa mutum ɗaya da littafin ƙorafi yake hannunsa, wanda kuma yake da ikon dakatar da manhajar nan take ba sai an kira taro ba.

Gwajin da aka yi bara ba ya wadatar da bana. Manhajar da aka horar kafin 2016 ba ta san baƙuwar tsutsar masara ba, kamar yadda cutar da ta afka wa citta a kudancin Kaduna a 2023 ta zo wa mutane ba shiri. Sabon iri yana fitowa, ƙwari suna jure maganin da ke kashe su a da, lokacin saukar damina yana motsawa. Saboda haka bayan an kai amfani gida, kafin a shiga hidimar noman rani, a zauna da littafin ƙorafi da rubuce-rubucen malaman gona da wakilan manoma, a zaɓi sababbin hotuna da tambayoyi daga daminar da ta wuce waɗanda kamfani bai taɓa gani ba, a sake auna manhajar da mizanin da aka rubuta tun farko. Idan ta faɗi ƙasa da shi a wani amfanin gona ko a wani yanki, a rufe wannan ɓangare, a sanar da manoma ta rediyo da ta bakin shugabannin ƙungiya cewa su koma wa malamin gona a kan wannan batu, kuma kada a sake buɗe shi sai an gyara an maimaita gwajin da wasu hotunan dabam.